Yadda Baba Ya Yanka Atamfar Ɗan Takara

Mahaifina tela ne, kuma shi ne ladanin masallacin unguwarmu a Damagaram tun kafin a haife ni. In baƙo ya tambaye shi sana'arsa sai ya ce ɗinki, amma duk wanda ya kwana gidanmu ya san ɗinkin na neman tuwo ne kawai, ladancin shi ne ransa. Kakansa ya zo daga Borno da allonsa, ubansa ya yi ladanci a wannan masallacin har muryarsa ta fara rawa, sannan Baba ya karɓa. Ba a ba shi komai a kai, shi ma bai taɓa nema ba. Ko a tsakiyar bazara ba ya shan ruwan randa, sai mai ɗumi, wai kada murya ta dushe. Muna yara mun sha faɗa a kan hura wuta kusa da ɗakinsa, don hayaƙi yana shaƙe masa maƙogwaro.

A lokacin da nake ba da labari na dawo gida da zama bayan rasuwar mijina, ina aikin ungozoma a likitar unguwa, ɗan asibitin da mata ke haihuwa. Innarmu ta riga ta rasu, 'yan uwana suna gidajensu, daga ni sai Baba. Mutane suna cewa bakina ba shi da linzami, ban kuma taɓa musawa ba. Wadda ta wuni tana awon jariran da ake ƙirga haƙarƙarinsu ba ta dawowa gida da taushin baki.

Shekarar ce ruwa ya yaudare mu. Ya sauka da kyau, aka yi shuka, hatsi ya kai gwiwa, sai sama ta ɗauke. Ɗan abin da ya yi kai a wasu gonaki fara ta zo ta ƙarasa. Kaka ta shigo ba a ji ƙarar sussuka ko'ina ba. Ana haka sai ga Gwaggo, ƙanwar Baba da ke aure a Dakusa, ta iso a amalanken jaki da matan 'ya'yanta da jikoki. Mazan sun tsallaka Najeriya neman abin da za su aiko. Kayansu duka tabarmi ne da tukunya da ƙwaryar anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da sai an yi ta jiƙawa ana zubar da ruwan kafin su ciwu. Baba ya buɗe musu ɗakin Inna, ya ce gida nasu ne. Ni kuwa na shiga na leƙa buhun hatsinmu, na ga ba zai ishe mu ba.

Rumfar Baba a kasuwar Dole kuwa ta zama wurin zaman jiran tsammani. Wa zai ɗinka riga alhali tiya ɗaya ta hatsi, ƙwaryar awo guda, ta fi ƙarfinsa? Sai ya fita da safe ya share rumfa, ya sa wa keke mai, ya zauna har azahar ba wanda ya kawo ko faci. Abin da nake samu a likita ba ya kai mu ko'ina da wannan taron. Muka koma cin tuwo sau ɗaya, yara kuma a dama musu kunu tsararo da safe su yi ta lasar ludayi.

A cikin wannan hali aka shiga zaɓen shugaban ƙasa. Dattawan masallacinmu suna da majalisa bayan la'asar, katangar gidanmu ce majinginarsu, saboda haka ko ban so ba ina jin komai daga madafa. Mutane ne masu riƙo, ba sa son a taɓa musu addini ko al'ada. Abin da ya fi tsone musu ido a lokacin shi ne dokar iyali, wadda ake ta raɗe-raɗin za a kawo a kan aure da saki da gado. A ganinsu shari'a ta gama magana a nan, ba sauran abin da wani depite, ɗan majalisar dokoki, zai ƙara. A zagaye na farko suna da nasu ɗan takara, wanda ya fito fili ya ce in ya hau ba za a yi dokar ba. Suka fita ƙwansu da kwarkwatarsu suka jefa masa. Ya faɗi.

Saura mutum biyu. Ɗaya ya riga ya faɗa da bakinsa zai sa hannu a dokar, wannan ko zancensa ba a yi a majalisa. Ɗayan kuwa mutum ne mai sassauci. Yana salla, ya je Makka, amma in 'yan radiyo suka tambaye shi dokar iyali sai ya ce za a zauna da malamai da mata a duba, ba i ba a'a. An ce matarsa tana tuƙa mota da kanta, ɗankwalinta bai rufe wuya ba. Ya kuma yi alkawarin ba mata kujeru a gwamnati. Nasu ɗan takarar da ya faɗi sai ya ƙulla ƙawance da wannan mai sassaucin, ya aiko a gaya wa magoya bayansa su bi. Nan majalisa ta rikice.

Wanda ya fi kowa zafi wani Alhaji ne Bakano mai sayar da yadi a kasuwa, wanda ba shi da ko ƙuri'a a ƙasar nan. Kullum shi ne da ɗaga murya, wai mai sassauci ya fi na fili haɗari, don na fili kun san shi, wannan kuwa da murmushi zai shigo muku har ɗaki. Sau da yawa na so in leƙa ta kan katanga in ce Alhaji, ka bari in ka koma Kano ka zaɓi naka, sai in tuna Baba yana zaune a wurin. Wasu suka ce a bi ƙawancen, wasu suka ce cin amana ne. Daga ƙarshe liman ya yanke: jama'ar masallacin nan ta wanke hannunta, ranar zagaye na biyu kowa ya zauna gidansa. Aka shafa fatiha a kan haka. A duk gardamar nan ban ji muryar Baba ba ko sau ɗaya.

A gida ne ya yi magana, yana cin ɗan tuwonsa, radiyo a gefe. Ya ce, kamar da kansa yake, "In duk muka zauna gida, wancan ne zai hau. Shi kuwa ya riga ya faɗi abin da zai yi." Na ce to Baba, me ya hana ka gaya musu? Ya ce jama'a ta yi magana, liman ya shafa fatiha, shi wane ne da zai warware.

Ni na kawo aikin da ya jawo abin da ya faru, kuma ko yau aka maida ni wannan shekarar sai na sake kawo shi. Wata abokiyar aikina a likita ita ce shugabar matan jam'iyyar mai sassaucin a unguwarmu, Shugaba muke ce mata. An aiko mata da turamen atamfa daga Yamai, za a ɗinka wa mata riga da zani su sa ranar babban mitin, taron da ɗan takarar zai zo da kansa. Telolin jam'iyya aiki ya yi musu yawa. Na ce mata ga ubana can zaune, kekensa yana neman tsatsa. Ta dube ni ta ce, "Malam? Zai karɓa kuwa?" Na ce ta bar min wannan. Da hatsi za a sallame shi, kuma tare da atamfar aka kawo buhunan.

Abin da ta sani, ni ma na sani, shi ne Baba bai taɓa ɗinka yadi mai hoton abu mai rai ba. Ko tsuntsu ne a jiki sai ya maida wa mai shi, ya nuna masa rumfar gaba. Wannan atamfar kuwa fuskar mutum ce a jere daga baki har baki, kowace cikin da'ira, da hularsa da tabarau da murmushi, sunansa a rubuce a ƙasa. Na shimfiɗa masa turmi ɗaya a tsakar gida. Ya dube ta, ya kau da kai, ya ce in naɗe.

Na ce, "Baba, ba zan naɗe ba. Ka dubi jikokin Gwaggo. Ƙaramar nan gashinta ya fara ja, na san abin da ke biyo bayan wannan, kullum ina ganinsa a wurin aiki. In kana da wata hanya ka faɗa min yanzu, in maida musu kayansu da buhunansu."

Ban taɓa yi masa magana haka ba. Gwaggo ta ja mayafi ta rufe fuska ta shige ɗaki. Can Baba ya ce in miƙo masa bakin atamfar. Ya ninka, ya sake ninkawa, ya auna da hannu. Ya ce malamai sun faɗa cewa hoto in an ɓata fuskarsa ko an raba kan, ya tashi daga hoto. Zai ɗinka, amma ba rigar da za ta fita daga hannunsa da cikakkiyar fuska. Ni a lokacin hatsin kawai nake gani. Na ce ya yi yadda ya ga dama.

Ya sa aka ɗauko keken daga kasuwa aka kafa a zaure, ya tura ƙofa. Wallahi ban taɓa ganin ɗinki irin wannan ba. Kafin almakashi ya taɓa yadi sai ya zana da alli, ya goge, ya sake zanawa, har sai kowace fuska ta faɗa inda yake so. Wata ɗinki ya bi ta tsakiyar hancinta, ya haɗa ta da gefen da ba fuska. Wata tattara ta haɗiye idanun. Wata ta faɗa a wuyan riga ya ƙwaƙule ta. Zani da ba a saba yankawa ba shi ma sai da ya tsaga shi ya juya ya haɗa. In ka ɗaga rigar sai ka ga hula a ƙirji, kunne a kafaɗa, rabin tabarau a hannu, komai ya zauna daram kamar haka aka buga ta. Ni da matan Dakusa muna kalmasa da guga. Rigunan sun yi kyau, gidan kuma ya koma cin tuwo sau biyu. Na fara jin yaran suna guje-guje a tsakar gida, abin da na kwana biyu ban ji ba.

Irin wannan yanka yana barin ƙyallaye da yawa, kuma kusan duka idanu ne da baki da haɓa, da sunan da ke ƙasa. Na tara zan kai juji, Baba ya hana. Ɗan takarar, kamar rabin mazan ƙasar nan, sunan Manzon Allah gare shi. Baba ya ce ba za a zubar da wannan suna inda awaki ke tattakawa ba, ko da boko aka rubuta shi. Haka yake yi da duk takarda mai sunan Allah, ya binne ta a wuri mai tsarki. Da yamma ya ɗauki fartanya ya tona rami a gindin katanga ta bayan gida, ya zuba ƙyallayen ya rufe. Bakinsa yana motsi, don Baba ko tafiya yake yana tasbihi. Wasu samari masu shan shayi a kan kwana suna kallonsa. Ba mu kawo komai a ranmu ba, daga shi har ni.

Shugaba ta zo ta kwashi rigunan a gurguje, a ninke, ba ta ɗaga ko ɗaya ba. Matan da suka karɓa ma murna suka yi, sabon kaya a shekarar da ba wanda ya ɗinka. Ranar mitin ina wurin aiki, labari ne ya same ni. An jera mata unguwa unguwa a fili, kowace unguwa fuskar ɗan takara tana ƙyalli a ƙirji da baya, sai layin namu. Wani babba cikin masu shirya taron ya tsaya yana dubawa, ya tambayi wa ya yi wannan ɗinki. Aka ce ladanin masallacin nan da ya ce kada a yi zaɓe. Sai ɗaya daga cikin samarin shayin nan ya ce ai da idonsa ya ga ladanin yana binne wani abu yana tofi.

Kafin magariba magana ta gama gari: ladani ya yanka wuyan ɗan takara, ya ƙwaƙule idanunsa, ya binne don ya faɗi. Samari suka tone ramin suka kwashe ƙyallayen. Mata suka tuɓe rigunan da sauri, wata ta ce tun da ta sa kanta ke sara, wata ta ce ƙafarta ta riƙe. Shugaba ta shigo gidanmu ko sallama babu, tana kuka tana cewa na kashe ta. Na yi mata bayani, na rantse, har na kai ga zagi. Ta ce ita ta yarda, amma maganar ta fi ƙarfinta. Ana zancen kai Baba komisariya wurin 'yan sanda, mai unguwa ya shiga tsakani ya ce a zo zaurensa da safe.

An kira ni don ni na karɓo aikin. Na durƙusa daga bakin ƙofa. Zauren ya cika, 'yan jam'iyya a gefe, liman da dattawan masallaci a gefe, har da Alhaji Bakano, Baba kuma a tsakiya shi kaɗai. Babban nan na jam'iyya ya juye ƙyallayen a tabarma da ƙasa a jikinsu. Gaskiya ko ni da na san komai sai da tsigar jikina ta tashi, idanu ne birjik suna kallon rufin zaure.

Baba ya yi bayani a tsanake, dalilin yankan da dalilin binnewar. Dattawan sun gane, don su ma haka suke yi da takardunsu, na ga liman yana gyaɗa kai. Amma ba wanda ya buɗe baki ya ce haka ne. In sun kare shi sun yarda da ɗinkin ke nan, ga shi sai jiya suka ji cewa ladaninsu ya rufe zaure yana yi wa matan jam'iyya kayan rawa.

Babban ya ce, "Malam, mun ji. Amma ka duba daga wajenmu. Masallacinku ya ce ba ya yi da mu. Kai kuma ka yanka fuskar mutuminmu ka binne. Kowa ya san sunan mai yin haka, matsafi ake ce masa. Ka gaya mana a gaban mai unguwa, kana nufinsa da sharri ko ba ka nufinsa? Ranar zaɓe ina ka dosa?"

Na ga kalmar ta shige shi. Baba zai jure yunwa, zai jure zagi, amma a ce ya haɗa Allah da wani, wannan ba zai kwana da shi ba. Ina ta roƙo a raina ya rantse kawai, ya ce ƙuri'a sirri ce, ya tsaya nan. Sai dai Baba bai iya rabin magana ba.

Ya ce, "Ban taɓa yin tsafi ba, ubana bai yi ba, Allah ne shaida. Mutumin nan ba irin shugaban da nake so ba ne. Akwai abubuwansa da ba na jin daɗinsu, ba zan ɓoye muku ba. Amma ba na nufinsa da sharri. Cikin biyun da suka rage, shi ne wanda in malamai sun je masa zai shimfiɗa musu tabarma ya saurare su. Na daɗe da yanke wa raina shi zan jefa wa, ban faɗa ba ne don girman jama'a."

'Yan jam'iyya suka yi tafi. Tafi fa, a zauren mai unguwa, a gaban liman. Babban ya taso ya kama hannun Baba da hannu biyu yana neman gafara. Liman ya miƙe ya sa takalmansa, dattawa suka bi shi. Washegari motar jam'iyya mai amsa-kuwwa ta yi ta zaga gari tana shelar cewa ladanin unguwa kaza ya shigo tafiyarsu, malamai sun gane gaskiya. Na bi motar da ƙafa har bakin titi ina ɗaga musu hannu su daina. Direban ya ɗauka gaisuwa ce, ya ɗago min hannu shi ma.

Liman ya zo gida da kansa da hantsi, shi da dattijo ɗaya. Ina madafa ina jinsu. Sun daɗe suna gaisawa, sun tambayi baƙin Dakusa, sun yi zancen tsadar hatsi. Sannan liman ya ce jama'a ta ga ya kamata Malam ya ɗan huta, har a gama zaɓe hankali ya kwanta. Baba ya ce to. Ya shiga ɗaki ya ɗauko makullin ɗan ɗakin da na'urar kiran salla take, ya miƙa da hannu biyu. Na fito da muciya a hannuna zan yi magana, ya dube ni sau ɗaya, na koma. Da azahar wani saurayi mai sayar da turare ya kira salla. Baba ya yi alwala ya tafi ya bi sahu kamar kowa.

Da yamma na tarar Gwaggo tana naɗe tabarminsu, wai za su koma Dakusa, su ne suka jawo wa Yaya wannan. Baba ya tsaya a ƙofar ɗakin ya ce su koma su ci me, ƙasa? Ya ce ta kwance kayan nan, kada ya ƙara jin zancen. Ta kwance tana share hawaye da bakin zani. Ni na rasa wanda zan ji haushi, sai na huce a kan tukwane.

Ranar zaɓe a lakwal ɗin unguwa, makarantar boko, aka ajiye akwati, a ajin 'yan ƙanana. Baba ya je da sassafe da farar rigarsa, a gaban kowa. Ni na tsaya ina taya tsofaffin mata layi, shi ya sa na ga abin da na gani. Da rana ta take, titi ya yi tsit, sai ga dattawan majalisa suna ɓullowa ɗaya bayan ɗaya, kowa ta lungunsa, kowa yana yi kamar wucewa zai yi. Wanda ya ce ƙawancen cin amana ne ya zo. Wanda ya fi kowa ƙarfin amin ranar fatiha ya zo. Na gaishe su ɗaya ɗaya da ƙarfi, da gangan, har da tambayar iyali. Ana shafa wa wanda ya jefa ƙuri'a tawada a yatsa, irin wadda ba ta fita da wanki, aka yi ta alwala a ƙofar masallaci kowa yana karkata hannu. Da aka ƙirga na unguwarmu a gaban mutane, mai sassaucin ne ya kwashe kusan duka. Alhaji Bakano kaɗai na san yatsansa fari ne tas.

Kada a tambaye ni wa ya ci a ƙasa baki ɗaya. Wanda ya ci ya ci, tiyar hatsi ba ta sauko ba, kuma ba abin da ya canja a gidanmu.

Da aka kwana biyu ban ga an dawo da makulli ba, na yafa mayafi na tafi gidan liman ba da sanin Baba ba. Abokinsa ne tun suna yara, shi ya raɗa min suna. Na gaishe shi, na ce, "Baba Liman, zaɓe ya wuce." Ya ce ya wuce. Na ce, "Abin da ubana ya faɗa a zaure shi kowa ya je ya yi a ɓoye. Na gan su da idona." Sai ya zaro hannunsa daga cikin riga ya ɗora a gwiwa. Tawadar ba ta gama fita ba.

Ya ce, "'Yata, ni ma na je. Dukanmu mun yi tunanin da ubanki ya yi, mun kuma san ya fi mu gaskiya. Amma mu mun je mun dawo ba wanda ya ji. Shi kuwa motar jam'iyya ta yi yawo da sunansa. In na maida shi yanzu, gari zai ce masallacinmu ya zama na jam'iyya, samarinmu su watse su koma wani wuri. Ki bari ƙura ta lafa."

Na ce yaushe za ta lafa? Ya ce Allah ya sani. Na faɗa masa maganganun da ba a faɗa wa sa'an uba, ya zauna yana ji, bai kuma kore ni ba. Da na gaji na tashi. Na rasa inda zan kai kuka. Shugaba tana gudun haɗa ido da ni a likita, mai unguwa ya ce shi nasa sulhu ya yi, 'yan jam'iyya sun kwashe tutocinsu sun tafi.

Ba a ƙara ta da maganar ba, mantawa kawai aka yi. Saurayin nan mai turare yana da murya, ba zan yi masa ƙarya ba, mutane kuma suka saba da shi. Baba bai taɓa tambaya ba, bai taɓa fashin jam'i ba. Ya maida kekensa kasuwa. Sai dai ya rage magana, kuma in lokacin salla ya gabato sai in ga ya kasa zama, ya tashi ya hau gyara abin da ba ya buƙatar gyara. Ina gani, ba ni da abin yi masa.

Bazara ta shigo baƙinmu suna nan, don ba abin da za su tarar a Dakusa sai ruwa ya sauka. Wata rana da hantsi naƙuda ta kama ɗaya daga cikin matan 'ya'yan Gwaggo, ba ta ba mu lokacin zuwa likita ba, na karɓi haihuwar a ɗaki. Namiji ne, ɗan mitsitsi, amma da ransa da lafiyarsa. Uban yana Najeriya. Na wanke shi na naɗe, Gwaggo ta ce a kai wa Yaya ya yi masa kiran salla a kunne, tunda shi ne namijin gida.

Ran nan Baba bai fita kasuwa ba, yana zaune a inuwa a tsakar gida. Ya karɓi yaron, ya kai bakinsa kunnen dama, ya fara a hankali kamar yadda ake yi. Kabbarar farko raɗa ce. Ta biyu ta ɗan ɗaga. Da ya kai shahada sai muryar ta ƙwace masa. Ya ɗago kai daga kunnen yaron, idonsa a rufe, ta fito gaba ɗayanta yadda na san ta tun ina goye, ta cika gidan ta haura katanga. Matan suka tsaya cak da abin da ke hannunsu. Ni kuwa hawaye kawai nake, ban san na fara ba.

Sai maƙwabciyarmu, wata tsohuwa da ba ta gani sosai, ta ɗaga murya daga bayan katanga, da murna a bakinta. "Malam ne? An maida shi? Ashe azahar ta yi, bari in yi alwala."

Baba ya tsaya a tsakiyar kalma. Ya buɗe ido, ya dubi yaron, ya sunkuya ya ƙarasa sauran a kunnensa, a hankali har ni da ke kusa ban ji ba. Ya miƙo min shi. Ya ce, "Leƙa ki gaya mata da sauran lokaci, kada ta yi salla ba a kira ba."